Gilashin da Ya Ƙi Karantuwa

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan sujada

Ni Boaz ban taɓa zama a bencin makaranta ba. Rubutun nan a ajin yamma na coci na tsince shi, da furfurata, kuma ban cika damuwa da shi ba, don abin da ya shiga kaina ba ya fita. Iyakar gonar kowa a Fadan Kagoma, wa ya haifi wa, ina aka kwantar da wane, duk suna nan. In an yi rasuwa ni ake kira in ba da tarihin mamaci. Amma wannan maganar ba ni da wanda zan faɗa wa, ita kuma ta ƙi kwanciya.

Jiya ma'aikatan lafiya sun zo daga Kafanchan, Zumuntar Mata ce ta gayyato su. Suka rataya zannuwa a ajin Sande Sukul suna duba mata ɗaya bayan ɗaya. Matata Afiniki ba ta je don a duba ta ba, kunu ta kai musu. Babbarsu, wata nas mai suna Sista Edna, ta riƙe ta da hira har ta tsinci kanta a layi.

Wai biniga suke shafawa a bakin mahaifa, su haska tocila. In wurin ya yi fari, akwai magana. Na Afiniki ya yi fari.

Abin da suke nema sunansa sankarar bakin mahaifa. Na rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, da safe

Ruwan tsamin da ake zubawa a kan kabeji ranar biki, shi zai gaya mini abin da ke cikin matata? Ban yarda ba, na kuma faɗa mata.

Ta ce ai ita ma nas ɗin ba ta ce a yarda da shi gaba ɗaya ba. Wai gwajin biniga kamar karen gida ne, yana yi wa ɓarawo haushi, yana yi wa baƙon kirki ma. Ɗan kumburi kaɗai yakan sa wurin ya yi fari. Kuma ga macen da ta daina ganin wata irin Afiniki, wurin da ake dubawa yakan ja ciki, ido ba ya kai masa sosai. Saboda haka za ta je Kafanchan ranar Alhamis ta sama, su ɗan karto wurin su shafa a gilas, a kai lab, wato ɗakin gwaji.

Na ce to, in ba su yarda da karensu ba, me ya sa suka kwance shi a coci?

Ta ce, "Baban Ƙauna, ka ci abincinka."

Ita ba ta ci nata ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, da yamma

Na hau dutse na ɓaro ɓawon maɗaci. Gwiwar hagu ta yi ta yi mini tsiya a hanya. Na biya kasuwa na karɓi bagaruwa da 'yar kanwa.

Uwata ungozoma ce, rabin garin nan a hannunta suka faɗo. Abin da ta koya mana shi ne, mace ba ta zuwa gaban mai magani haka kawai. Sai ta yi kwanaki tana zama a ruwan ɓawo, ta wanke ciki da waje, wurin ya tsuke ya yi tsabta. Ladabi ne, magani ne kuma. In ma akwai wani ɗan ciwo, kafin Alhamis ya gudu.

Afiniki ta ce nas ta gargaɗe ta kada ta sa komai, kada ta wanke ciki kafin ranar. Na tambaye ta shekarun nas ɗin. Ta ce ba za ta girme wa 'yarmu Ƙauna ba. Na ce to.

Ta kalli ɓawon, ta kalli gwiwata da ta kumbura. Ta tashi ta ɗauko baho da kanta.

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Ni na hura wuta, ni na tace, ni na taɓa da gwiwar hannu kada ya ƙona ta. Ta ce yana da yaji. Na ce aikinsa yake yi.

Ta ci tuwon acca, ba ta gama ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da yamma

Mun je mun dawo. An ce maza su tsaya waje, na zauna a gindin mangwaro. Ta fito tana gyara ɗankwali, ba ta kalle ni ba. A tasha na saya mata soyayyar doya, ta riƙe a cinya har gida.

Wai sai bayan sati uku.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da rana

Ƙauna ta bugo daga Kujama. Uwar ta ce mata kowa lafiya, kaji lafiya, awaki lafiya. Ni aka hana wayar.

Afiniki ta yi waƙa da matan Zumunta yau. Na saurari muryarta a cikin nasu, tana nan yadda take.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da yamma

Babu amsa. Ba su ce akwai ba, ba su ce babu ba. Sista Edna ta ce gilashin ya ƙi karantuwa, abin da aka karto bai isa ba, kuma akwai kumburi da ya rufe sauran. Ta ba da ƙwayoyi, ta ce a bar wurin ya huta wata biyu a sake.

Sati uku muna kwana da ido ɗaya, don su ce mana sun kasa aikinsu.

A mota Afiniki ta ce ita ta gama. An buɗe ta sau biyu gaban 'ya'yan mutane, ba za a yi na uku ba. Abin da Allah ya rufe a bar shi a rufe. Na ce gaskiyarta. A lokacin na ji daɗi da ta faɗa.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da yamma

Na ce mata zan je neman buhunan citta. Kafanchan na koma, ni kaɗai, na tambayi ƙofar lab har na same ta. Na shirya magana tun daga gida.

Wanda na tarar sunansa Wilfred, mutum ne mai sanƙo, da farar riga da tabon shuɗi a aljihu. Na ce masa ni ne mijin matar da suka lalata wa gilas. Na ce shekarata nawa ana kirana shari'ar gona, ban taɓa ganin shaidan da aka rantsar ya ce shi bai ga ko akwai gona ko babu ba. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba.

Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya jawo mini kujera gaban madubin nan nasu mai ido biyu, ya ce in leƙa. Da farko girata kawai nake gani. Ya murɗa wani abu, sai ga su.

Kamar ganyen zogale da aka watsa a faranti, wasu ja-ja, wasu shuɗi-shuɗi, kowanne da ɗan ɗigo a tsakiya. Ya ce wannan gilashin koyarwa ne, ba sunan kowa a kai. Ganyen nan fatar wurin ce da take saɓulewa da kanta. Ɗigon suke dubawa. In ya yi girma, ya yi baƙi, bakinsa ya karkace, sai su aika wa likita a Jos ya tabbatar.

Sai ya sa na Afiniki. Fili ne fayau, ganye ɗaya nan, ɗaya can, ga wasu ƙananan abubuwa kamar tururuwa sun hau kansu, ga wani datti ruwan ƙasa.

Ya ce, "Baba, in na rubuta negatif, wato babu komai, a kan wannan, na yi ƙarya, kuma Mama ce za ta biya ƙaryar. Gara ka zage ni."

Na tambaye shi me ke kawo haka. Ya ce wani lokaci hannun mai ɗauka ne, wani lokaci shekaru, don fatar tsofaffi ba ta cika bayarwa ba. Amma irin wannan da datti da kumburi, sun fi gani ga matan da suka wanke ciki, ko suka zauna a ruwan magani, ko suka sa kanwa. Wankin yana kwashe abin da ake nema, ya bar wurin a fusace. Ya ce an tambayi Mama ranar, ta ce ba ta sa komai ba.

Na ce to, in ta ce haka, haka ne.

Ya dube ni ta saman tabarau.

Kafin in tashi na ce masa, in gilashin ya yi kyau, ba ya kuskure? Ya ce yana yi. In ya ce akwai, yawanci akwai. Amma yakan ce babu alhali akwai, don sandar ba ta taɓa daidai wurin ba, ko idon mai dubawa ya tsallake. Shi ya sa ake maimaitawa. Akwai kuma wani inji da ba ganye yake dubawa ba, ƙwayar cutar da ke haddasa abin yake nema. Shi da wuya ya tsallake ta. Laifinsa ɗaya, yana kama mata da yawa da ke ɗauke da ƙwayar amma ba za ta taɓa yi musu komai ba. Na ce wato kowane shaida da inda yake ɗingishi. Ya ce shi ya sa ba a yanke hukunci da guda ɗaya, in an sake zai so a ɗauki biyun tare.

Na manta da buhunan.

Talata, 12 ga Nuwamba, da safe

Na kwashe sauran ɓawon na zuba a ramin bayan gida. Tana tsaye a ƙofar kicin. Ba ta tambaye ni ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da yamma

An shiga tonon citta. Tana gona tun safe kamar kowace shekara, ta fi ni sauri.

Ta shanye ƙwayoyin. Maganar komawa kuwa, na taɓo ta sau biyu. Na farko ta ce ba ni ne na ce gaskiyarta ba? Na biyu ta ce ashe yanzu na zama ɗan aiken nas.

Maƙwabciyarmu A'i, matar Zubair mai sayen citta, ta shigo aron turmi. Su biyun tun suna amare suke tare, sallah a gidansu, Kirsimeti a gidanmu. Na ji A'i tana ce mata ita an yi mata bara, kunyar ba ta kai tsawon raka'a biyu ba. Afiniki ta ce ai ke ba ki da kunyar tun asali. Suka yi dariya, turmi ya tafi, magana ta tsaya a nan.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, da rana

Afiniki ta shanya wani tsumma a bayan rumbu, ba a igiya ba. Na san dalilin da mace take shanya abu a bayan rumbu.

Asabar, 7 ga Disamba, da yamma

Mun binne Miriyam, gwauruwar da ke bayan makaranta. Tsufa ne, ta ƙoshi da kwanaki. Aka miƙo mini abin magana. Na fara yadda na saba, gidan da aka haife ta, shekarar da fari suka cinye dawa, wanda ya yi mata baftisma. Da na zo wurin aure sai na ɗaga ido na ga Afiniki a layin Zumunta da farin ɗankwali. Sunan mijin Miriyam ya ɓace mini. Mutumin da muka yi farauta tare. Sai da Fasto ya raɗa mini.

Mutane sun ce Baba Boaz ya fara tsufa. Su faɗa.

Lahadi, 8 ga Disamba, da yamma

Muna yankan citta a tsakar gida, ita da wuƙarta, ni da tawa. Na ce mata ko ta tuna abin da na faɗa ranar da muka binne yayata Yemima. Ta ce na ce gajeriyar rashin lafiya.

Na ce to, ke da kika wanke tsummokaran, gajeriya ce?

Ta ci gaba da yanka. Ita ta san ɗakin da aka mayar da Yemima a ƙarshen gida, ta san damina biyu da aka yi ana ƙona ɓawon lemo a ƙofa saboda baƙi. Uwata tana da rai a lokacin. Babu ɓawon da ba ta dafa ba.

Na kira mata sauran. Matar mai ƙira. Ƙanwar tsohon Fasto. Wadda take sayar da burkutu a mararraba, kafin ta tuba. Dukansu jini ne bayan sun daina ganin wata, dukansu ɗakin baya, dukansu na tsaya gaban jama'a na ce gajeriyar rashin lafiya. Ban san ko abin nan ne ya ɗauke su duka ba, ba wanda ya duba. Ba gilas a lokacin, mai kyau ko marar kyau.

Na ce, "Maman Ƙauna, kowa a garin nan na san ta inda zan fara tarihinsa. Naki na gwada a gona, bakina ya ƙi."

Ta ajiye wuƙa.

"Wa ya aike ka ka gwada? Ina zaune ina yanka maka citta ka fara binne ni?"

Na ce ban fara ba, na ce ya ƙi.

Ta ce Allah ya ƙara ƙin. Ta ce in ma ta riga ni, kada a ba ni abin magana, zan sa mata shekarar fari a ciki. Ta ɗauki wuƙa ta ci gaba. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, in za ta koma da A'i za ta je, ba da ni ba. Kuma daga yau har ranar, ko ruwan shayi kada in dafa mata.

Litinin, 16 ga Disamba, da safe

Hannuna ba shi da aiki. Na gyara ƙofar akurki da ba ta lalace ba.

Talata, 17 ga Disamba, da yamma

Sun je. An ɗauki biyu, ɗaya a gilas, ɗaya a 'yar kwalba don injin. Ta gaya wa nas maganar tsumman bayan rumbu. A'i ta ce mini Afiniki ta gaya wa nas ɗin har da ta ruwan ɓawo, Sista Edna ta riƙe baki, ta ce a gaida Baba.

Laraba, 25 ga Disamba, da rana

Ƙauna ta zo da yara. Uwar ta ja ta ɗaki, sun daɗe. Ƙauna ta fito da jan ido ta ce hayaƙin kicin ne. Ta zuba mini nama ya fi na kowa.

Afiniki ta ci shinkafa, ta ƙara.

Alhamis, 9 ga Janairu, da yamma

Wannan karon gilashin ya karantu. An bar ni na shiga.

Injin ya ga ƙwayar, irin mai taurin kai. Gilashin ya nuna ɗigon sun canza, ba kaɗan ba. Shaidu biyu, baki ɗaya, ga biniga na uku da na raina. Sista Edna ta ce wannan bai nuna abin ya zama abin ba tukuna. Zai iya kasancewa yana bakin ƙofa ne. Wanda zai faɗi gaskiyar ƙarshe shi ne naman wurin kansa, in an yanko an duba. Sai Jos.

Ta ce ƙwayar tsakanin mace da namiji take yawo, kusan kowa yakan gamu da ita a rayuwa, tana iya kwanciya shekaru masu yawa ba motsi, don haka ba a tambayar wa ya kawo. Ban tambaya ba. Afiniki ma ba ta tambaya ba.

A hanyar fita na hangi Wilfred. Na cire hula. Ya ɗaga mini hannu da safar roba.

Lahadi, 12 ga Janairu, bayan sujada

Fasto ya ce masu roƙon addu'a su miƙe. Ta riƙe mini riga. Muka yi tamu a zaune.

Talata, 21 ga Janairu, da yamma, a gidan ƙanin Zubair a Jos

An yi. Likita mace ce. Ta duba da madubi mai ƙara girma, ta ga wurin, ta kashe zafinsa da allura, ta yanke shi da wata 'yar waya mai wuta. Ban kai ga gama rake ɗaya a waje ba aka kira ni. Sun nuna mini abin a kwalba, bai fi ƙwayar gurjiya ba. Shi za a yayyanka a duba ko ya tsaya a sama ko ya nutsa ciki, da kuma ko an cire shi har gefe.

Wata ƙaramar nas ta zo gaya mana dokoki. Ban da ɗaukar kaya mai nauyi. Ban da zama cikin ruwa, kowane iri. Da ta zo ta ukun sai ta fara kallon takalminta, ta ce wato, Mama, har sati shida, ke da Baba, wato.

Afiniki tana kwance, fuska duk ta faɗa, ta nuna ni da haɓa.

"Gaya masa dai, 'yata. Ni ba ya jin maganata."

Yarinyar ta gudu waje da dariya. Ni shekara saba'in da wani abu, a yi mini haka a garin mutane.

Na riƙe mata takalmi har mota.

Juma'a, 31 ga Janairu, da safe

Ni nake ɗebo ruwa. Matan rijiya sun daina dariya, yanzu layi suke ba ni.

Shiru daga Jos.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da rana

Shiru.

Talata, 11 ga Fabrairu, da yamma

Tana zaune a kan kujera 'yar tsugune tana tsince busasshiyar citta da muka baza a tsakar gida. Wayarta ta yi ƙara a ƙugu. Ta kwance bakin zane a hankali kamar ba ita ake kira ba. Na ji muryar Sista Edna daga inda nake tsaye, amma ban ji kalmomin ba.

Afiniki ta ce to. Ta ce to. Ta ce sake faɗa mini wannan. Ta ce to, Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ta mayar da waya, ta ɗaure zane, ta ɗauki citta ɗaya ta duba ta jefa a kwando.

Na tsaya. Ta ɗauki wata.

Na ce, Afiniki. Rabon da in kira ta da sunanta tun kafin a haifi Ƙauna.

Ta ce bai nutsa ba. A sama ya tsaya, amma ya yi nisa a hanya, da an ƙara barinsa da labari ya canza. Sun cire shi duka, gefen ya fita da tsabta. Za ta koma a sake gwajin injin, kuma za a riƙa dubawa har wasu shekaru, don ba a sallamar irinsa da gaisuwa ɗaya.

Na zauna a inda nake, ashe a tsakiyar shanya ne, na ji tana ƙaras ƙaras a ƙarƙashina.

Ta ce, "Baban Ƙauna, tashi mini daga kan citta."

Ban tashi ba. Ta jawo kujerarta kusa, ta ci gaba da tsince wadda ke gefena.